Fitilar da Na Kai wa Surukata

Tun da na dawo daga Kamaru ban huta da tambaya ba. Wanda ya zo karɓar tabarau sai ya toge a bakin ƙofa ya ce, "Dakta, yaya ƙasar masu Faransanci?" A majalisarmu ta Yelwa kuwa Malam Sule tela ya hana ni shan shayi cikin natsuwa, shi damuwarsa ko da gaske ne burodinsu ya kai tsawon hannu. Kowa na ba shi amsar da ta fi gajarta, in ce lafiya lau, sai sanyi. Amsar ba ta kai rabin gaskiya ba, na kuma gaji da maimaita ta. Ga 'yar Malam Sulen ta gama sakandare tana son karanta irin aikina, uban ya matsa in faɗa mata amfaninsa. To bari in zauna in rubuta duka, kowa ya tsinci abin da ya zo nema.

Ni mai awon ido ne, abin da ake kira optometri a makaranta. Ba na tiyata. Ina duba ido, in auna gani, in yanka tabarau, in ba da maganin ɗigawa, abin da ya fi ƙarfina in tura shi gaba. Iyayena mutanen Zariya ne, kasuwanci ya kawo su Jalingo, nan aka haife ni, nan na buɗe ɗan asibitina. Da can in aka tambaye ni amfanin aikin, bakina ba ya gajiya. Ba ka wanka da jini, kana cin tuwon dare a gidanka, in ka so ka yi wa gwamnati aiki, in ka so ka tsaya da ƙafarka. Abin da ya fi duka, mutum kan shigo yana lalube ya fita yana dariya a rana guda. Aiki kaɗan ne ake gode wa mai shi tun bai wanke hannu ba. Har yau ban janye ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, sai dai yanzu ina faɗarsu a hankali.

Matata Jainabu Bafulatana ce, mutanensu suna wani ƙauye kafin a kai Banyo. Ita ce 'yar fari. Mahaifiyarta, wadda kowa ke kira Dada, tun da na auri 'yarta ban taɓa ganin fuskarta sosai ba. Na san muryarta ta bayan labule, na san takalmanta a bakin ƙofa, shi ke nan. Ba ta taɓa kwana a gidana ba. Ko haihuwa aka yi, ƙanwarta take turowa. An daɗe ana ce mana ganinta ya ragu, ni kuma ina aika saƙo a kai ta asibiti, ana ce mini to. Sai a ƙarshen damina Hamadu, ƙanin Jainabu, ya bugo waya ya ce Dada ta taka garwashi tsakar rana, a tsakar gidan da ta fi kowa sani.

Na ce, "An kai ta asibitin kuwa?"

Ya ce, "Yaya, ai kai muke jira."

Ban fahimci nauyin maganar ba a lokacin. Na haɗa akwatin gilasan gwaji, da fitilar leƙen ido, da na'urar awon ƙarfin ruwan ido, da jakar tabaran karatu. Addu'ata ɗaya ce, Allah ya sa yanar ido ce. Yana tana rufe ido, amma in an cire ta gani na dawowa. In kuwa ɗayan ne, wanda mutane ke kira hawan jinin ido, to abin da ya ci ya ciwu, sai dai a yi kokawar tsare abin da ya rage. Na tambayi Jainabu ko Dada ta yarda in duba ta. Ta ce Hamadu ya ce da aka faɗa mata muna tafe, cewa ta yi Allah ya kawo su lafiya. Ni da wautata na ɗauki wannan a matsayin e.

A tasha muka samu motar Gembu. Direban, Oga Bitrus, Bamumuye ne gajere mai fara'a, na taɓa yi wa matarsa tabarau. Yana hango ni ya kori wani ɗan kasuwa daga kujerar gaba.

"Dakta ba zai zauna baya ba. Kai zo gaba. Madam kuma shi zauna wajen windo, iska ya buga shi."

Ga amfani na farko, 'yar Malam Sule ta rubuta ta ajiye: kujerar gaba. Sai dai kujerar gaban ta mutum biyu ce, kuma abokin zamana ya riƙo zakara.

Daga Garba Chede zuwa Bali zuwa Serti ba abin da zan faɗa sai ramuka da shingayen jami'ai. Oga Bitrus ba ya kauce wa rami, shiga yake yi kai tsaye kamar da gayya, duk wanda ya shiga kuma sai zakaran ya yi ƙara a madadinmu. A Serti muka ci shinkafa da wake a tsaye. Jainabu ko loma ba ta kai ba, tana ta juya cokali. Sai da muka iso Mayo Selbe, gindin dutsen Mambila, inda titi ke fara naɗewa yana hawa, rami mai zurfi a gefe guda, Oga Bitrus ya tsaya zuba wa mota ruwa, ya juyo gare ni cikin raha.

"Dakta, tun da Allah ya kawo ka. Wannan ido na, tun las yiya, abu na nesa yana yi kaman hayaki-hayaki. Amma ba damuwa, na san hanya a kai na."

Wata mata a baya ta fara kiran sunan Yesu, wani dattijo ya kama salati. Na sauka, na buɗe akwati a kan bonet, na ɗora masa firam ɗin gwaji, wannan ƙarfen mai nauyi da ake zura wa gilasai, na sa shi karanta rubutun bayan wata tirela. Ba wata cuta ba ce, ganin nesa ne kawai ya gaza. Da na dace da gilasan da suka yi masa, ya dubi titi, ya riƙe baki.

"Kai! Ashe rami yana da yawa haka?"

Fasinjoji suka rantse ba za a cire masa ƙarfen ba sai an kai sama. Haka ya ja mu har kan dutse da firam ɗin gwaji a hanci, yara a ƙauyuka suna nuna shi suna gudu. Na yi dariya ranar, ita ce kuma kusan ta ƙarshe a tafiyar. Na waiwaya in ga ko Jainabu ta yi, na tarar ta jingina kai da gilas tana kallon waje.

A Nguroje muka sauka, don daga nan hanyar kan iyaka ke rabuwa. Sanyin wurin ba irin namu ba ne, jiƙaƙƙe ne, yana bin mutum har cikin bargo. Masaukin na wata dattijuwa ne, Mama Rifkatu, ɗakuna kaɗan a bayan gidanta, ruwan wanka sai an dafa. Ta kawo mana shayi mai kauri da fiya da dafaffen dankali. Na lura in za ta duba wayarta sai ta miƙe hannu iya tsawonsa tana ƙanƙance ido. Na zaro tabaran karatu na ce ta gwada. Ta shige ɗaki ta fito da Littafi Mai Tsarki wanda bangonsa ya sha jiki, ta zauna a bakin murhu ta shiga karantawa a fili, tana bi da yatsa. Ta ce ta daɗe sai dai a karanta mata a coci. Da ta gama ta yi mana addu'a doguwa, mu ma muka ce amin.

Sannan ta tambayi inda za mu. Da na faɗa mata, ta sauke tabaran ta dube ni ta samansa.

"Maman matanka? Fulani? Kuma matanka ne 'yar fari?"

Na ce e.

"Wannan aiki naka, ba sai ka kawo fuska kusa-kusa ba? Kaman yadda ka yi mini?"

Na ce haka ne, amma ai lalura ce, ciwo ba ya barin kunya.

Ta ce, "Hmm. Ni na zauna da su tun ina yarinya. Allah ya taimake ka, ɗana."

Na dubi Jainabu ina jiran ta ƙaryata. Ta sunkuyar da kai tana wasa da kofin shayi.

Da safe muka shiga landiroba, irin tsofaffin nan da ba a ganinsu ko'ina sai Mambila, ƙofa ɗaure da igiya, buhunan masara a sama. Hanyar Mayo Ndaga laka ce ja mai santsi. Duk inda mota ta kafe sai maza su sauka turi. Ni na ƙi rabuwa da akwatina, don in gilasan nan suka fashe na zama ɗan rakiya. A wani gangare santsi ya kwashe ni, na zauna daɓas cikin laka, hannuwana a sama riƙe da akwati kamar mai kai gaisuwa. Ba wanda ya ɗaga ni sai da aka gama dariya. Haka na isa kan iyaka, gabana likita, bayana manomi.

A ɓangarenmu ba a tsayar da mu sosai ba. A nasu, wani jandarma dogo mai furfura a gemu ya sa na buɗe akwatin. Ya ga gilasai jere reras, ya ɗaga ɗaya ya duba rana da shi, ya yi tambaya da Faransanci. Jainabu ta fassara, ta yi masa bayani da Fulatanci, harshen da ni ma nake ji daidai gwargwado, kamar kowane ɗan Jalingo. Da ya gane, sai fuskarsa ta sake, ya ce to a gwada a kansa ya tabbatar. Muka shiga ɗan ofishinsu, aka rufe taga, na leƙa da fitila.

Ganinsa ba laifi, amma abin da na gani a can ciki bai yi mini daɗi ba. Ido ne kaɗai wurin da ake kallon jijiyoyin jini ba tare da an yanka mutum ba, nasa kuwa sun tsuke sun yi ƙyalli, har da ɗigon jini a gefe. Na tambaye shi yaushe rabon da a auna masa hawan jini. Ya ce shi soja ne, lafiyarsa ƙalau. Na ce ya daure ya je a wannan makon, kada ya bari sai wani. Ya juya hularsa a hannu, can ya ce mahaifinsa ma haka ya faɗi rana ɗaya, ɓarin jikinsa ya mutu. Ya raka mu har bakin shinge, ya tsayar mana da masu babur da kansa. Wannan ma amfanin aikin ne, ka ga abin da ke tafe tun mai shi bai ji ba, ko da yake ba kullum ake son jin labarin ba.

Malam Sule, burodin gaskiya ne. Ya kai tsawon hannu, ɓawonsa na yanka dasashi, kuma tsirara ake ɗaure shi a bayan babur tare da jarkar fetur. Mutanen can ba sa gajiya da musabaha, wanda kuka rabu da shi yanzu in ya dawo sai ya sake miƙo hannu. Da safe ƙosan fulawa suke ci da wake da kunun gyaɗa, da rana tuwon masara miyar yakuwa, nono kuwa sai ka ce a bari. An karrama ni iyakar karramawa. An yanka mini kaza, an ba ni ɗakin Hamadu, an wanke wandon lakar nan har an goge. Abu ɗaya ne ba a ba ni ba, shi ne abin da na zo dominsa.

Da isarmu na je gaisuwa. Na tuɓe takalmi tun daga nesa, na durƙusa a bakin ƙofar Dada, labule a sake. Ta amsa da murya ƙasa-ƙasa, ta tambayi hanya, ta tambayi yara, duk ta bakin Jainabu, kamar ni ba na wurin. "Ya zo lafiya? Ya bar mutanensa lafiya?" A Jalingo kunyar suruki ta zama ta baki. Ina da aboki da surukarsa ke kiransa a waya ta ce ya sayo mata kati, su zauna falo ɗaya suna kallon fim. A can kuwa abin na nan da ƙarfinsa, ko tari na yi a tsakar gida sai in ji motsi ya ɗauke a ɗakinta.

Jainabu ta fito daga ɗakin da fara'a, karo na farko tun Jalingo. Ta ce, "Idonta garau yake, wallahi. Baƙi wuluk, ba fari ko ɗigo." Matan gidan suka yi ta hamdala. Ni kuwa ban yi murna ba, don yanar da ta isa ta sa mutum taka wuta ba ta ɓuya, fari take yi a tsakiyar ido kowa ya gani. Idon da ke garau amma ba ya gani, labarinsa daban ne. Ban faɗa musu ba, na ce dai a roƙi Dada in duba.

Ta ƙi. Ba da faɗa ba, ba da hujja ba. Yau ta ce kanta na ciwo, gobe ta ce baƙo bai huta ba. Na zaunar da Hamadu a ƙarƙashin bishiyar mangwaro na tambaye shi abin da ke cina tun a waya, me ya hana su kai ta asibiti duk tsawon lokacin nan, ga Banyo kusa.

Ya ce, "Yaya, mun so. Ita ta hana. Ta ce mijin 'yarta likitan ido ne, duk ƙauyen nan an sani. In aka gan ta a layin wani likita, za a ce ba ta yarda da aikin surukinta ba, ta zubar masa da mutunci."

"To ta zo wurina mana!"

"Ta zauna gabanka, ka riƙe mata fuska?" Ya girgiza kai. "Ta ce gara ta jira."

"Ta jira me?"

Ya sunkuyar da kai yana tona ƙasa da tsinke. Na ji haushi, na ji tausayi, na rasa wanda zan ɗora wa. Da 'yarta direba ta aura ko mahauci, da tuni an kai ta asibiti. Aikin da nake tinƙaho da shi, shi ya tsare mata ƙofa biyu, ta baƙo da tawa, duk kuma don ganin girmana.

Washegari aka ce mini Dada ta samo mafita. Na fito da kaya da sauri, sai na tarar da ƙanwarta zaune a kan tabarma ta gyara ɗaurin kallabi. Yapendo ake ce mata, ita ce mai zuwa mana wankan jego, mace mai surutu da ba ta ɗauki kunyata da zafi ba.

Ta ce, "Adda ta ce a duba nawa. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, nono ɗaya muka sha, idonmu iri ɗaya ne. Maganin da ya yi mini zai yi mata."

Na buɗe baki zan ce ba a yin haka, sai na fasa. Maganar ba daidai ba ce, amma ba duka ta kuskure ba, don cutar da nake tsoro tana bin jini. Na duba ta. Ta karanta alamomin allon awon gani tas, tana yi mini tsiya wai wannan ne aikin da aka yi shekaru ana koyo. Amma da na auna, ruwan idonta ya hau sosai, kuma jijiyar gani ta fara ramewa. Na sa ta kalli hancina, na kawo yatsa daga gefe, bai shigo mata ba sai da ya kusa gabanta. Haka cutar take, ba zafi, ba ja, daga gefe take ci tana matsowa tsakiya, mai ita yana rantsuwa lafiyarsa lau.

Na yi mata bayani, na ce an tare ta da sauran dama, in ta riƙe maganin ɗigawa kullum ba fashi, ta kuma biyo mu Jalingo a ƙara bincike, da yardar Allah za ta mutu da ganinta. Surutun ya tsaya cak. Ta ce, "To Adda fa?" Na ce sai na gani.

Muka sake dabara. Na koya wa Jainabu yadda za ta riƙe allon, mai alama kamar mataji mai haƙora uku, ta tambayi Dada ina haƙoran suka fuskanta. Ni na tsaya a bayan katanga ina saurare kamar ɓarawo. Na ji Dada na amsawa, sama, hagu, ƙasa, duk daidai. Zuciyata ta fara dawowa. Can sai na ji muryar Jainabu ta canja, ta ce, "Yapendo, ɗauke hannunki daga bayanta." Ashe ita ke taɓa ta, tana nuna mata da yatsa. Aka fitar da Yapendo. Jainabu ta sake ɗaga allo, ta matso da shi, ta ƙara matsowa. Shiru. Sai Dada ta ce ta gaji, za ta kwanta.

Jainabu ta zagayo bayan katangar ta same ni, ta kifa kai a kafaɗata tana kuka ba sauti, abin da ba ta taɓa yi ba a gidansu. Yapendo ma ta zo tana sharar hawaye, ta ce ta daɗe tana yi mata haka, ita ke raɗa mata wanda ya shigo, ita ke juya mata kwano, don kada a ce uwar gida ta makance. Hamadu ya ce amma ai tana ganin haske, kullum da hantsi takan fito ta zauna daidai inda rana take. Na riƙe wannan maganar da hannu biyu. In da sauran haske, da sauran abin tsarewa, ko da na ta san dare da rana ne. Ban bar kaina ya tuna cewa rana ana jin ta a fata ba.

Kwanakin da na ɗiba suka ƙare, marasa lafiya na jira a Jalingo. Na aika a faɗa wa Dada cewa na haɗa ta da Allah ta bari a kai ta Banyo, ni na yafe, ba wanda zai ce ta raina ni. Aka dawo aka ce ta ji. Na san irin wannan jin.

Ranar komawa da safe, masu babur sun iso, an ɗaure jakar Yapendo, na je sallama. Na durƙusa inda na saba, na ce za mu kama hanya, a yafe mana. Labulen bai motsa ba. Sai na ji ta tambayi Jainabu, "Abin da ya gani a idon ƙanwata, gaskiya ne yana bin jini?"

Jainabu ta ce gaskiya ne.

Ɗaya daga masu babur ya danna oda a waje. Sannan Dada ta ce, "Ce masa ya shigo da kayansa. Da can nauyi biyu ne, in ga fuskarsa, ya ga tawa. Yanzu ɗaya ya tafi, zan iya ɗaukar ɗayan."

Na shiga da rarrafe. Ɗakin da duhu, sai ƙamshin man shanu da hayaƙi. Tana zaune a kan tabarma, ƙafar da ta ƙone naɗe da tsumma, 'yar tsohuwa siririya mai dogon hanci. Ashe ita ɗiyata ta biyu ta ɗebo, ban taɓa sani ba. Ta ɗaga haɓa ta buɗe ido. Na ce bismilla, na matso har ina jin numfashinta, na kunna fitila a idon dama. Ƙwayar ba ta motsa ba. Na leƙa ciki, jijiyar ta yi fari fat, ta rame har ƙarshe. Na koma na hagu, na ƙure hasken fitilar iya ƙarfinta, hasken da ke sa ƙato ya kau da kai yana hawaye. Na riƙe shi a wurin fiye da yadda aiki ke bukata, ina roƙon Allah ta ƙifta.

Ta ɗan karkata kai wajen 'yarta ta ce, "Tambaye shi, ya kunna abin ne, ko tukuna?"

Jainabu ta toshe baki da mayafi. Ba wanda zai isar da amsar, don haka a karo na farko na yi wa surukata magana kai tsaye. Na ce, "Na kunna, Dada."

Ta gyaɗa kai a hankali, kamar wadda aka faɗa wa abin da ta riga ta sani. Ba ta tambayi magani ba. Ta ja jiki gefe, ta lalubi tabarmar, ta daddaɓa wurin da ta tashi.

"To ya daina ɓata wutarsa a kaina. Ke, zo zauna nan. Ya duba mai sauran ido."

Na sha duba idon Jainabu a gida, lafiyarsa lau, na kuma san haka. Ban faɗa ba. Wannan ne abu na farko da matar nan ta taɓa nema a wurina, kuma shi kaɗai ya rage da zan iya yi mata. Jainabu ta zauna, na ɗaga fitila. Sai da na goge nawa idon da hannun riga, na sake gogewa, kafin in iya ganin nata.